Juyen baƙin mai: lissafin Turai bai dace da hanyoyin Damagaram ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in sa baki a wata gardama da ta ƙi ƙarewa a garejoji da tashoshin mota na Damagaram, wato bayan tafiyar kilomita nawa ya kamata a yi wa mota juye.

Akasarin motocin jama'armu na hannu ne, daga Turai aka kawo su ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, kuma littafin da ke tare da su, idan ma ya iso, yakan ce a sauya baƙin mai bayan kilomita 15,000 ko shekara guda. Wannan lissafi ya dace da ƙasar da ke da kwalta mai kyau da sanyin yanayi, inda ake zuba man sintetik mai tsada. Sai dai a cikin littafin akwai shafin da ba a cika dubawa ba, inda kamfanonin suka ce motar da ke aiki cikin ƙura da tsananin zafi, ko take ɗaukar kaya mai nauyi, ko take yawan gajerun tafiye-tafiye, a rage mata wa'adin zuwa kusan rabi. Duk wanda ya san zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan haura 40, da hazon hunturu, da irin lodin da ake yi wa motocin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ya san cewa da mu ake.

Dalilin a fili yake. Ƙurar da ta kuɓuce wa matatar iska tana gaurayuwa da man, ta riƙa cin ringi da sauran ƙarafan inji a hankali, zafi kuma yana ƙona man har ya yi kauri ya toshe ƙananan hanyoyin da yake bi. Motar da ba ta wuce gida zuwa ofis ma ba ta tsira ba, domin injinta ba ya daɗewa da zafi har ya kore fetur da raɓar da suka sauka cikin man, shi ya sa ake lissafi da watanni ko da ba a yi nisa ba.

A ganina, mai zuba man da aka saba da shi, irin su 20W-50 da 15W-40 (lambobin kaurin mai da ake rubutawa a jikin galan), kada ya wuce kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga cika, kuma ya sauya matatar mai tare da man, tun da tsohuwar tana riƙe da dauɗar da za ta koma cikin sabon. Direban da ke jigila tsakanin Damagaram da Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, zuwa da dawowa uku sun kai shi wannan wa'adi. Ƴan kabu-kabu nasu ya fi gaggawa, saboda man babur bai cika wuce lita guda ba, iska ce ke sanyaya injin, kuma man nan shi ke wa giya da kuloci aiki. Kilomita 1,000 zuwa 1,500 ya ishe shi.

Inda na fi saɓa wa wasu makanikai, tare da girmama sana'arsu, shi ne murza man a tsakanin yatsu a yanke hukunci da launinsa. Man injin gas, wato dizal, yana baƙi cikin ƴan kwanaki saboda baƙin hayaƙin da ke shiga cikinsa, alhali da sauran ƙarfinsa, wani kuwa yana nan garau amma sinadaran da ke kare ƙarfe sun ƙare.

Tun da yawancin motocinmu agogon kilomitarsu ya mutu, ina roƙon masu gareji su riƙa rubuta ranar juye da irin man da aka zuba a ƴar takarda, su liƙa ta a jikin ƙofar direba, masu mota kuma su tabbata an buɗe galan mai hatimi a gabansu.

Wassalam.

Mai karatunku daga unguwar Birni, Damagaram