Amsa ga wanda ya ce kilarik ɗina na bogi ne

Malam, salamu alaikum.

Tambayarka ta iso ni ta bakin mutane, tunda ka zaɓi ka yi ta a gaban kowa alhali ka san yadda za ka same ni. Wai ta yaya mutumin da ke cewa ya san wasan teburi na Dungeons & Dragons zai ɗauki kilarik, wato malamin addini mai sihirin warkarwa, kilarik ɗin ma na Kelemvor, sannan ya yarda ya shiga tawaga ɗaya da ƙwarangwal mai yawo, su kwana sansani ɗaya har su raba ganima. Ka ƙara da cewa ko dai ban karanta littafin ba, ko kuma na sayar da karakta ɗina, wato wanda nake taka rawarsa a wasan, don kar in ɓata wa abokina mai ƙwarangwal ɗin rai. Na farkon dariya ya ba ni. Na biyun ne ya tsaya min a wuya.

Ba kai za ka koya min waye Kelemvor ba. A duniyar wasan ta Forgotten Realms shi ne abin bautar da ke yi wa matattu shari'a, kuma mabiyansa suna ganin duk gawar da ta tashi tana yawo ɓarna ce, dole a kwantar da ita. Ai sanin hakan ne ya sa na zaɓe shi! Abokin nan ya faɗa tun kafin mu fara cewa ƙwarangwal zai yi, mai jan wasan, wato wanda ke ba da labarin yana yanke hukunci, ya amince, da sauƙi nake nema sai in ɗauki wani abin bautar da ba ruwansa da harkar kabari in zauna lafiya. Na ƙi, don rigimar nake so.

Ga yadda muka ƙulla ta. Ƙwarangwal ɗin soja ne da wani matsafi ya tona ya tayar, bai roƙi a tashe shi ba, kuma cikin duk rundunar da aka tayar shi kaɗai hankalinsa ya dawo, shi kaɗai ya san hanyar maɓoyar matsafin. To kilarik ɗina ya farfasa shi nan take ya ce ya yi aikin ubangidansa, sauran gawawwakin su ci gaba da bauta? Rantsuwa ya yi: ranar da matsafin ya faɗi, shi da hannunsa zai binne sojan nan kamar yadda ake binne kowane mamaci, sojan kuma ya yarda. Har yau bai taɓa kiransa aboki ba, marigayi yake ce masa, ko a tsakiyar faɗa. Kamar gandiroba ne da aka ɗaure da fursuna da sarƙa ɗaya, tafiya dai tare amma kowa ya san inda za ta ƙare. In wannan ne sayar da karakta to wallahi ban san menene riƙe shi ba.

Kuma tunda maganar sauƙi kake yi, bari mu buɗe littafin da ka ce ban karanta ba. Bugu na biyar muke yi, na 2014. Ikon korar matattu da kilarik ke samu a mataki na 2 ba ya tambaya waye naka waye ba naka ba, duk mataccen da ke cikin ƙafa 30 kuma yana ganinka ko yana jinka sai ya jefa dayis, in ya faɗi ya arce na minti ɗaya. Wato duk sanda gawawwaki suka rufe mu sai na fara duba inda marigayi yake tsaye, ko dai in yi ihu ya ja da baya mu yi asarar zagaye, ko in ɗaga alamar in kori mayaƙinmu tare da maƙiya, kuma na sha yin hakan da gangan, shi mai karakta ɗin yana dariya yana zagina. Sihirin warkar da rauni ma a bugun nan an rubuta ƙarara ba ya aiki a kan matattu, to ka ga mai warkarwa da ba zai iya warkar da wanda ke gaba-gaba ba. A bugu na 3.5 ma ya fi haka muni, warkarwar ƙona su take yi. Da muka kai mataki na 5, inda korar ke tarwatsa ƙananan matattu gaba ɗaya, sai da mai jan wasan ya zauna ya yanke hukunci cewa karakta na ɗan wasa gudu kawai zai yi ba zai ruguje ba. Ina sauƙin a nan?

Kai da kake son tarihi, ka san ma daga ina kilarik ya fito? A teburin Dave Arneson, a wasan Blackmoor, tun kafin shi da Gary Gygax su fitar da Dungeons & Dragons a 1974, akwai ɗan wasa mai karakta mashayin jini, Sir Fang, ya addabi kowa, sai aka ƙirƙiro wanda zai taka masa birki. Na san za ka ce ai wannan hujjarka ce, don yaƙar su aka yi shi. Na ji. Amma ka lura mataccen ya riga kilarik samun kujera a teburin, kuma ba a kori mai shi ba, abokin karawa aka nemo masa. Su masu wasan ma ba su tsaya inda ka tsaya ba, a 2021 Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, sun ba 'yan wasa damar yin rabin mashayin jini da wanda ya mutu ya dawo, a 2022 masu Pathfinder, wani wasa irinsa, suka kawo ƙwarangwal sukutum a matsayin jinsin da za ka zaɓa, littafin wasan namu na 2024 kuma ya gyara korar ta koma kan matattun da kai ka zaɓa kawai. Su ma ba su karanta littafin ba kenan?

Sauran tambayoyinka, wai me zai hana Kelemvor ya karɓe ikon da ya ba kilarik ɗina, wannan hurumin mai jan wasa ne, kuma ya riga ya turo wa kilarik ɗina gargaɗi a mafarki, abin na nan tafe. Batun cewa matattu duk mugaye ne kuwa, ka je ka duba yadda mutanen Aerenal na Eberron, wata duniyar wasan, ke girmama kakanninsu da ba su gama mutuwa ba.

Amma tsakani da Allah, ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka zauna teburi da kai sun san labarin mayaƙinka mai tsarki da ya sare karakta ɗin wani yana barci, ka naɗe hannu ka ce ai haka karakta ɗina zai yi, wasan da aka daɗe ana ginawa ya watse a daren. Kuma ban manta ka nemi kujera a wurinmu aka ce maka a cike yake ba. Ban ce shi ya jawo tambayar ba, na dai ce biri ya yi kama da mutum.

Abin da ke ci min rai ma ya wuce kai. Irinku sun yi yawa, kun haddace shafuka kun mayar da su sanda, sabon shiga ya zo da ɗokinsa da karakta ɗin da ya kwana yana tsarawa, kafin ya jefa dayis ɗin farko an gaya masa abin da ya kawo ba ya halatta, sati mai zuwa ba za ka sake ganinsa ba, sannan ku dawo kuna kukan ba a samun mutanen wasa. Kai ka rubuta karakta ɗinka fa, ba saukar da shi aka yi ba, in ka rubuta wanda ba ya iya zama da kowa to kai ka zaɓa. Wanda ke ƙwarangwal ɗin nan sabon shiga ne, kuma yanzu shi ke fara zuwa.

In za ka mayar da martani bismillah, amma dan Allah wannan karon ka zo da lambar shafi, ka kuma faɗi wane bugu kake nufi.

Naka,
mai kilarik ɗin Kelemvor