Direba ba ya ganin ƙeyar motarsa

Edita, assalamu alaikum.

Ni direba ne a Makka. Shekara 19 ke nan ina jan Hiace a wani kamfanin jigilar masu Umara, yau Jidda gobe Madina. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan fitilar bayan mota, wadda a gida muke ce wa danja, Larabawan nan kuma su ce istab. Na san wani zai ce duk matsalolin duniya sai wannan na gani. To, a ji abin da ya same ni tukuna.

A watan Sha'aban da ya wuce na taso daga Madina bayan Isha, mota cike da fasinja, yawancinsu tsofaffi mata. Hanyar Hijira, wadda ta haɗa Madina da Makka, ta haura kilomita 400, kuma da zarar ka bar gari duhu ne ƙirin. Ga ƙura ta ɗan taso. Ina tafiya sai kawai na ga bayan wata akori-kura ya tsiro a gabana kamar an dasa shi, babu ko ɗigon ja. Na taka birki, na karkata hagu, Allah Ya sa ba mota a wannan layin. Wata Hajiya da ke bayana sai salati take yi, goran Zamzam ɗinta ya gangaro har ƙarƙashin ƙafata. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cinye mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gaya wa ƙafa, an riga an isa.

Na tarar da mai motar a gidan mai na gaba, wani dattijo da buhunan abincin raƙuma. Na sauka da zafina, na faɗa masa maganganun da yanzu nake jin kunyarsu. Ya zagaya ya duba, ya kama baki. Wallahi bai sani ba. Fitilun gabansa garau suke, shi dai yana ganin hanya.

Sati biyu bayan haka na kai tawa motar Fahas, wato binciken lafiyar mota da ake yi a nan kowace shekara. Ma'aikacin ya tsaya a baya ya ce in taka birki. Na taka. Ya ce in ƙara. Sai ya rubuta a takarda cewa danjar dama ba ta kawowa, in je in gyara in dawo. Laifi tudu ne, Edita. Allah kaɗai Ya san darare nawa na yi ina ɗaukar iyayen mutane da ido ɗaya a baya.

Na sayi ƙwai na sa da kaina, bai kawo ba. Na ce jabu ne, na sake sayen wani. Shiru. Sai na nufi Sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, wajen wani mai wayarin, Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, wanda na girme shi da kusan shekara 20. Ya kunna ƙananan fitilu ya ce, "Kawu, taka mu gani." Ina takawa sai danjar ta mutu gaba ɗaya, sigina kuma ta ɗan yi haske dishi-dishi alhali ban taɓa ta ba. Ya yi dariya ya ce, "Ƙwanka lafiya lau, kuɗinka kawai ka zubar. At ne ya saki." Ya kwance gidan fitilar ya nuna mini at ɗin, wato wata waya da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, bakinta duk tsatsa, soket ɗin kuma ya yi kore-kore. Robar da ke tare ruwa ta bushe ta tsage saboda zafin rana, ruwan wankin mota yana shiga yana kwanciya. Wuta ta rasa hanyar komawa, shi ne take bi ta ƙwan sigina. Ya kankare da sanfefa, ya ɗaure, ya canza robar. Ko rabin awa ba a yi ba.

A wajensa na san cewa ƙwan danja irin na motata zare biyu ne a ciki, ɗaya mai wat 5 da ke ci muddin fitila na kunne, ɗaya mai wat 21 na birki. Ɗaya kan ƙone ya bar ɗaya, shi ya sa mutum zai ga ja a bayansa da dare ya ɗauka komai lafiya, alhali in ya taka birki ba abin da ke ƙaruwa. Ya ce in gefe ɗaya ne ya mutu a fara zargin ƙwai, in kuwa duka suka ɗauke lokaci guda a duba fis ko ɗan makunnin da ke saman fedar birki. Kuma kada a yarda a sa wa ƙaramar mota ƙwan tirela, domin nasu na bolt 24 ne, namu 12, haskensa zai zama kamar na aci-balbal. Masu naɗa waya ko takardar kwalin taba a madadin fis kuwa, gobara suke nema.

Sababbin motoci ma suna da nasu tarkon. Allon gaban direba a haske yake ko da yaushe, ga fitilun rana a gaba, sai mutum ya fito da magariba yana zaton ya kunna wuta, bayansa kuwa duhu. Ina ganin irinsu kusan kullum tsakanin Jidda da Makka. In kuma danjarsu ta LED ta lalace, sau da yawa ba zancen canza ƙwai, sai dai gidan gaba ɗaya, shi ya sa talaka ke nufar Tashlih, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ya nemo na hannu. Samarinmu da ke shafa wa danja baƙin fenti don gayu, su kam ban san me zan ce musu ba.

Yanzu kowace Juma'a da dare nakan ja da baya zuwa gilashin wani shago a layinmu, in taka birki, in ba da sigina hagu da dama, in sa ribas, ina kallo ta madubi. In ƙaramin ɗana yana kusa shi nake tsayarwa, yana ta ihun "Baba, ta kawo!" Ƙwai biyu da fis ba sa rabuwa da aljihun motata.

Roƙona gare ka, Edita, ka isar da wannan ga direbobin gida, musamman masu manyan motoci da ke kwana a kan titin Kano zuwa Zariya su yayyafa ganye a baya a matsayin alama. Da na zo hutu na gani da idona. Ganye ba ya haske da dare. Wanda kuma ya ga mota a gabansa ba danja, ya daure ya matsa kusa da ita inda aka tsaya ya gaya wa direban cikin lalama, kada ya yi irin tawa. Dattijon nan mai abincin raƙuma har yau ina duba shi a gidajen man hanyar Hijira, ina so in ba shi haƙuri.

Wassalam.

Wani direba,
Unguwar Misfala, Makka.