Zuwa ga 'yata, game da fim ɗin nan da kika turo min

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na kalli fim ɗin da kika dame ni in kalla, Set It Off, wanda F. Gary Gray ya ba da umarni a 1996, labarin ƙawaye mata huɗu da ƙuncin rayuwa ya tura su fashin banki. Kin ce da ke ce a halin da matan nan huɗu suka shiga, ba ki san abin da za ki yi ba. Maganar nan taki ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Tausayi kam na tausaya musu. An kori Frankie daga aikin banki don kawai ta san ɗaya daga cikin 'yan fashin da suka shigo, ta koma sharar ofisoshi da dare tare da ƙawayenta a Los Anjeles. 'Yan sanda sun harbe ƙanen Stony bisa kuskure, yaron da take ta faɗi-tashi don ya shiga jami'a. Zalunci ne tsantsa, ba na musu.

Amma ni T.T. ce ta fi kama min zuciya, ita nake so ki sake kallo da kyau. Ba ta da kuɗin biyan mai reno, dole ta tafi da ɗanta wurin aiki, yaron ya sha ruwan sinadarin wanke-wanke, hukuma ta ɗauke shi daga hannunta. Ki tuna a fashinsu na farko ita ce ta tsorata ta gudu. Zuciyarta ta gaya mata gaskiya tun a bakin ƙofa. To wa ya dawo da ita? Da wani baƙo ne ya tare ta a hanya ya ce zo mu fasa banki, da ta yi masa ihu. Ƙawayen da suka tashi tare, waɗanda suka san kukanta, su ne suka nuna mata cewa ga hanyar karɓo ɗanta. Ta shiga don ɗan nan, ƙarshe wadda ta fi kowa tsoron bindiga ita ta harbe Luther, mai gidansu a wurin aikin shara, bayan ya sace kuɗin da suka ɓoye, ta kuma mutu a hannun Stony ba ta karɓo yaron ba.

Ban taɓa gaya miki ba, amma lokacin kina goye, albashi ya yi watanni bai shigo ba a inda nake aiki. Aminiyata ta kawo min takardar lissafi da yamma, ta ce in sa hannu kawai, sifili ɗaya za a ƙara, ba mai ganewa. Tana magana tana shafa kanki. Wallahi sai da na riƙe biron, hannuna yana rawa. Na ajiye na ce a'a, ta yi shekara ba ta ko amsa gaisuwata. Ya yi min ciwo, har yau ina jin sa.

Na san hannunki ba ya kai wa baya a 'yan watannin nan, haka ma ƙawayenki. Ki taimake su da abin da kike da shi, ki ci da su, ki yi kuka da su. Ranar da ɗaya ta zo miki da shawarar da sai an rage murya ake faɗin ta, ki ce mata sai kin kwana kin tashi, kuma a daren ki kira ni, ko ƙarfe nawa ne. Ba zan yi miki faɗa ba. In bashi ne ya sha miki kai, gaya min nawa ne, mu ga ta inda za mu ɓullo masa ni da babanki.

Yana gaishe ki, ya ce kin daɗe ba ki neme shi ba. Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Mamanki