Wa ke bincikar masu binciken ma'aikatunmu a Gombe?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Malam Edita don Allah ka ɗan sammin fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani aiki da mutane da yawa ba su ma san da shi ba, alhali lafiyar ƴaƴansu da ke aiki a kamfanoni da gaban injina tana hannun masu yinsa, wato oditocin muhalli da lafiya da kiyaye haɗurra a wuraren aiki. Su ne waɗanda ake turawa su shiga kamfani su duba ina ake zubar da ruwan datti da baƙin mai, wane irin hayaƙi ke fita, shin injin yana da murfin kariya, ƙofar gudu in gobara ta tashi a buɗe take ko an jibge buhuna a bakinta, sannan su rubuta rahoto su sa hannu. Ni da aikin duba-gari na fara kafin in koma wannan ɓangaren, kuma abun da ke damuna shi ne yadda satifiket ɗin wannan aiki ya zama abun da ake samu sau ɗaya a rataye a bango shikenan, ba sake komawa aji, ba sabunta ilimi, kuma ba mai tambaya.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta zama dole yanzu, Gombe ta yau ba ta jiya ba ce. Ga siminti a Ashaka tun ƙarshen shekarun 1970, ga kwal a Maiganga cikin Akko, ga dam ɗin Dadin Kowa da ke ba da wuta megawat 40 da filin masana'antu da aka yi a kusa da shi, ga kuma Kolmani tsakaninmu da Alkaleri ta jihar Bauchi inda marigayi Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar mai a watan Nuwamba 2022. Wannan manyan kenan, ba a maganar injinan casar shinkafa da matsar man gyaɗa da masu fasa dutse da gidajen bulo da gidajen fiya wata da shagunan ɗura gas da suka cika unguwanni. Duk waɗannan wurare suna buƙatar mai ido ya shiga ya duba, toh in mai idon ne bai san abun da yake dubawa ba fa?

Doka dai akwai ta, ba wai babu ba. Tun bayan abun da ya faru a garin Koko a 1988 da aka kawo shara mai guba daga Italiya aka jibge mana, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya FEPA a wannan shekarar, a 1992 aka yi dokar da ta ce kafin a fara babban aiki sai an auna illar da zai yi wa muhalli, a 2007 aka kafa NESREA mai tabbatar da ana bin dokokin muhalli, kuma ƙa'idojinta sun ce kamfani ya riƙa yin binciken muhalli duk shekara uku ya miƙa rahoto ta hannun kwansoltan da hukumar ta amince da shi. A ɓangaren ma'aikata akwai dokar masana'antu ta 1987 da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, sai dokar 2014 da ta kafa ISPON don rajistar ƙwararrun kiyaye haɗurra, mu kuma ƴan duba-gari muna da majalisarmu tun 2002 wadda yanzu ake kira EHCON. Ka ga ai a takarda ba a bar komai ba. Matsalar tana wajen wanda ke riƙe da biron sa hannu.

Akwai rahoton binciken muhalli na wani injin casar shinkafa da ya taɓa shigowa hannuna, ba zan faɗi na waye ba. Bango mai kyau, hotuna masu kala, kauri kamar me. Ina buɗe shafin da ke bayanin yanayin wurin sai na ga ana maganar ruwan gishiri da itatuwan bakin teku da masunta, a wurin da ko rafi babu sai ƙura da ƙaiƙayi! Wato rahoton wani kamfani na kudu aka kwafo aka canza suna da adireshi, an manta ba a goge wannan shafin ba. Da na je wurin da kaina, ga tulin ƙaiƙayi yana ci da wuta a hankali a bayan katanga hayaƙin na shiga gidajen mutane, ga bel ɗin injin yana juyawa tsirara ba murfi, wani yaro da bai wuce shekara sha bakwai ba yana wucewa ta gefensa da riga mai faɗi, gashin idonsa fari fat da ƙura, in ka mishi magana sai ka ɗaga murya sau biyu kafin ya ji. Tukunyar kashe gobara guda ɗaya ce a rataye, allurarta ta faɗa ja, takardar da ke jikinta ta nuna rabon da a cika ta an yi shekaru. Duk wannan babu ko ɗaya a cikin rahoton, kuma wanda ya sa hannu yana da satifiket.

Anan ne nake so matasanmu su gane wani abu, domin wallahi ana cutarsu. Za ka ga talla a Facebook ko WhatsApp wai zo ka zama odita cikin kwana biyu, a tara yara a wani ɗakin otal a haska musu majigi a ba su takarda mai tambarin zinare, sun biya kuɗin da iyayensu suka sayar da akuya ko buhun wake suka haɗa. Kwas ɗin babban odita na gaskiya irin wanda IRCA, hukumar rajistar oditoci ta Ingila, ke amincewa da shi a kan ma'aunin duniya na ISO 14001 na muhalli ko ISO 45001 na lafiya da kiyaye haɗurra, kwana biyar ne cur kusan awa 40 da jarrabawa a ƙarshe wadda ana faɗuwa, kuma ko ka ci ba ka zama odita mai rajista ba tukuna, ka dai samu shaidar ka yi kwas ne. Sai ka bi manya ka yi bincike a ƙarƙashinsu, kana rubuta kowane aiki a kundinka, wane kamfani, kwana nawa, wane matsayi ka riƙe, wani ya sa maka hannu, sannan ka nemi rajista. Haka NEBOSH da yaranmu ke rububinta, takarda ce mai daraja ƙwarai ba na musu, amma ilimin kiyaye haɗurra take ba ka, ba ita ke maida mutum odita ba. Kafin ka biya ko sisi ka shiga shafin hukumar da aka ce ita ke ba da takardar ka duba ko sunan makarantar yana cikin waɗanda ta amince da su, in babu ka riƙe kuɗinka.

Domin shi bincike sana'a ce da ake koya a ƙafa. Ka iya zama da manaja ka karanta takardunsa, sannan ka ajiye su ka zagaya ka ga ko abun da aka rubuta shi ake yi, ka iya jan lebura gefe ka tambaye shi cikin harshen da yake ji ba a gaban oga ba, ka san cewa duk abun da za ka rubuta sai da hujja, hoto ko awo ko takarda, ka bambance babban saɓani da ƙarami, ka ba da lokacin gyara kuma ka dawo ka ga an gyara. Ka san cewa raba takunkumi da hular kwano shi ne mataki na ƙarshe, kafin shi sai an duba ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya, ko a canza sinadarin da wani mara illa, ko a sa wa injin murfi da abun zuƙe ƙura. Da yawa daga cikin rahotannin da nake gani shawara ɗaya ce a ciki, a saya wa ma'aikata safar hannu, shikenan an gama. Kuma ƙa'ida ce ba ka bincikar aikin da kai ka yi, amma sai ka ga mutum ɗaya shi ya tsara wa kamfani tsarin, shi ya horar da ma'aikata, shi ne kuma ya dawo ya ce komai daidai.

Sai maganar sabunta ilimi wadda ita ce ta fi ci min rai. Wanda ya yi kwas a kan OHSAS 18001, tsohuwar ƙa'idar lafiya da kiyaye haɗurra, shekaru goma sha da suka wuce, an fito da ISO 45001 a watan Maris 2018 ta maye gurbinta, zuwa 2021 tsohuwar ta daina aiki kwata-kwata, amma har yau akwai masu yawo da tsohon fom ɗin suna cikewa. A watan Fabrairu 2024 ma an ƙara wa waɗannan ma'aunai gyara da ya ce dole kamfani ya duba ko sauyin yanayi ya shafi aikinsa, mu da muke fama da zafin Maris da Afirilu da ambaliya da zaizayar ƙasa da ke cinye unguwanni a cikin garin Gombe ai mu ya fi shafa. Dokar man fetur ta 2021 ta raba aikin sa ido tsakanin hukumomi biyu, NUPRC mai kula da haƙar mai da NMDPRA mai kula da tacewa da jigila da sayarwa, wanda bai bi ba bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba in aikin Kolmani ya kankama. Bayan cire tallafin mai a 2023 ga motoci da keke napep ana maida su masu gas, ga sola ta shiga gida-gida, batiran da suka mutu kuma ana fasa su a bayan kasuwa ana narka dalmar da ke ciki yara na wasa a gefe. Mun manta da Zamfara ne a 2010, inda gubar dalma daga dakan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum? Oditan da iliminsa ya tsaya a shekarar da ya karɓi satifiket ba zai ma ga waɗannan a matsayin haɗari ba. Satifiket ɗinsa ya zama irin tukunyar kashe gobarar nan, tana rataye kowa na gani hankali kwance, ciki kuma ba komai.

A wasu ƙasashe ba sa wasa da wannan. Mai riƙe da takardar CSP ta ƙwararrun kiyaye haɗurra ta Amurka duk shekara biyar sai ya kawo maki 25 na ƙarin ilimi da aikin da ya yi, in bai kawo ba takardar ta tafi. Mu ma ƙungiyoyinmu suna da tsarin bita na dole kafin sabunta lasisi, amma gaskiya sau da yawa abun ya koma biyan kuɗi da sa hannu a rajista da karɓar jaka da biro, wani ma aiko da sunansa yake a rubuta mishi. Ni a ganina bitar da ba a fita fili an riƙe na'urar awon ƙara an auna injin an ga ƙararsa ta haura decibel 85, inda take fara cutar da kunne, ba, ko a ɗebi ruwan kwata a kai ɗakin gwaji, ba bita ba ce.

Kuma ba zan ɗora wa yaranmu laifi duka ba. Yawancin kwasa-kwasan kirki a Legas ko Fatakwal ko Abuja ake yi, kuɗin jarrabawa kuma da fam ko dala ake lissafa shi, ka haɗa da mota da masauki, ina ɗan duba-garin ƙaramar hukuma zai samo? Shi ya sa in babban aiki ya zo sai a ɗauko mutane daga nesa, su kwana biyu a otal su koma, ba sa jin Hausa balle Fulatanci ko Tangale ko Tera, lebura ba zai iya gaya musu cewa ƙirjinsa na ciwo tun da ya fara aikin fasa dutse ba.

Roƙona ga gwamnatin jihar Gombe da ta Bauchi shi ne su haɗa kai da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere da ATBU ta Bauchi da kwalejin kimiyyar lafiya ta Kaltungo a jawo cibiyoyin da aka amince da su su riƙa zuwa nan suna yin kwas ɗin da jarrabawar, a ɗauki nauyin ma'aikatan hukumomin kare muhalli na jihohin biyu, GOSEPA da BASEPA, da duba-garin ƙananan hukumomi tunda su ne a ƙasa kullum. Manyan kamfanonin da ke jihar su riƙa karɓar waɗanda suka ci jarrabawa suna bin tawagar bincike don su cika kundinsu, wannan ya fi rabon kekunan ɗinki amfani ga wanda ya karanta fannin. Hukumomi kuma su buga sunayen masu lasisi mai rai a intanet da ranar ƙarewarsa yadda mai injin shinkafa zai duba a wayarsa kafin ya ɗauki mutum, sannan a riƙa zaɓar wasu rahotanni ana zuwa wurin ba sanarwa a gwada da abun da aka rubuta, wanda aka kama ya kwafo a karɓe lasisinsa a faɗi sunansa.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, kuma duk 28 ga Afirilu ana taron ranar lafiya da kiyaye haɗurra a wurin aiki. Ina roƙon ka Malam Edita kafin ranar ta zagayo ka tura wakilinka ya shiga injinan da ke bayan gari ya nemi a nuna mishi rahoton bincikensu na ƙarshe, ya duba wa ya sa hannu da yaushe ya sabunta lasisinsa, ku buga mana abun da ya gani.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiyar muhalli,
Tudun Wada, Gombe.