Ciwon nono daban, sankarar mama daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in taɓo abin da mu mata muke jin nauyin faɗa, wato ciwon nono. Ni ungozomar asibiti ce, na yi aiki a ɗakin haihuwa har na yi ritaya, kuma har yau matan unguwa sukan yi mini sallama bayan Magariba, su ja ni gefe su ce, "Inna, ga abin da nake ji."

Duk watan Oktoba rediyo da jaridu sukan cika da maganar sankarar mama, kuma Allah Ya saka wa masu wannan ƙoƙari. Sai dai abin da ke isa kunnen mata shi ne, da nono ya yi ciwo, to daji ne. Alhali ciwo shi kaɗai da wuya ya zama alamar sankara. Yawanci ita sankara a farkonta ƙullutu ne mai tauri wanda ba ya ciwo ko kaɗan. Sai ka ga mai ciwon da ba shi da haɗari ta kasa barci don fargaba, mai ƙullutun kuwa tana cewa ai ba ya damunta.

Mafi yawan ciwon nono tare da al'ada yake tafiya. Mako ɗaya ko biyu kafin jini ya zo, nonuwan biyu su cika, su yi nauyi da tsami, musamman ta gefen hammata, jini na zuwa abin ya lafa. Haka ma farkon shigar ciki, ko in mace ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa. Nakan ce wa yarinya ta sami kalanda ta riƙa sa alama a ranakun ciwon har wata 2 ko 3, da kanta za ta ga yadda yake bin al'adarta. Farasitamol da rigar mama daidai jikinta sun ishe ta. Wannan ta rigar kada a ɗauke ta wasa: da yawa a gwanjo ake ɗaukowa ba a gwada ba, ƙarfen ƙasan yana cin nama yini guda.

Wani ciwon ma ba na nonon ba ne. Mace ta yini tana daka ko jan ruwa a rijiya, in ka danna kan haƙarƙari ta zabura. Wannan tsoka ce da gaɓar ƙashin ƙirji, hutu da man shafawa na diclofenac sukan magance shi. Amma ciwon ƙirji da ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, balle ga mai hawan jini, ba a kwana da shi a gida.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne wajen masu jego. Kwana 3 zuwa 5 da haihuwa ruwan nono yake saukowa sosai. Idan an zubar da dakashi, an hana jariri kamawa da wuri, nono sai ya sanƙare. Idan kuma yaro kan nonon kawai yake kamawa, bai haɗa da baƙin kewayen ba, sai kan ya tsage, ƙwayoyin cuta su sami hanya. Gefe guda ya yi ja, ya ɗau zafi, zazzaɓi da rawar sanyi su rufe ta, a tafi kemis a sayo maganin maleriya. Daga nan sai gwaggo ta yanke hukunci: nonon ya lalace, kada a ba yaro. To, nan ne aka ɓata. Ruwan da ya taru ba a fitar ba shi ke komawa ƙurji mai mugunya. Yaro ya ci gaba da sha har ta wannan gefen, ba zai cutar da shi ba, in ya kasa kamawa a tatse a hankali ba da murza ba. In an kwana an yini babu sauƙi, ko zazzaɓi ya yi zafi, a je asibiti a rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda mai shayarwa za ta iya sha.

Ba na raina wanzamai, suna da nasu fagen. Amma sakiya a nono da ƙarfe mai zafi, na sha wanke gyambon da ta bari, wani ya yi watanni yana tsiyaya. A asibiti da allura ake zuƙe mugunyar, ko a ɗan tsaga bayan an kashe zafin wurin. Kuma idan an shanye magani jan da kumburin ba su tafi ba, a koma, domin akwai wani nau'in sankara da ke zuwa da kamar wannan.

Abin da ba a jira da shi, da ciwo ko babu: ƙullutu a nono ko a hammata, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini na fita daga kan, fata ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, ko ciwo a wuri guda tak da ya ƙi tafiya, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Likita zai duba da hannu, ya tura sikanin in mace ba ta kai shekara 40 ba, in ta haura kuma hoton X-ray na nono da ake kira mammogram. Wani lokaci sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai gwaji. A nan ne dangi kan ce daji ba ya son ƙarfe, su kwashe ta su tafi wajen mai magani. Wannan allura ba ita ke sa sankara ta bazu ba, watannin da aka ɓata ana shafe-shafe su ne ke ba ta dama. Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Shika a nan Zariya duk suna da likitocin wannan fanni.

Ga maza kuma, tunda ku kuka fi riƙe jarida: in ta ce nononta na ciwo, ta daɗe tana juya maganar kafin ta furta. A ba ta izini da kuɗin mota, in kunyar likita namiji ce ta nemi ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Edita, ina roƙon ku samo likitar mata ta riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi a shafin lafiya ko da sau ɗaya a wata, ba sai Oktoba ta zagayo ba.

Wassalam,
Ungozoma mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.