Kafin ka biya hayar ciki da falo a dogon benen Abuja ko Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin matasanmu na Gombe da Bauchi da aiki ke kai su Abuja ko Legas, musamman masu ɗan hali da ke sha'awar kama ciki da falo a dogayen benayen nan na alfarma na Wuse 2 da Maitama, ko Ikoyi da Victoria Island. Kuɗin da dillali zai fara faɗa maka ba shi ne kuɗin gidan ba.

A ce haya naira miliyan 10 ce a shekara. Bisa al'ada dillali zai karɓi la'adar kashi 10 cikin 100, lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma a ware masa kashi 5 zuwa 10, sai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna. Kafin ka taɓa makulli ka haura miliyan 12. Ban da hayar kanta, duk waɗannan sau ɗaya ake biya. Wanda ke karya mutane shi ne kuɗin hidima, wato kuɗin kula da ginin, domin ana biyansa duk shekara, kuma yana iya tashi a tsakiyar shekara.

Dalili kuwa, a hawa na 14 ba ɗaki kaɗai ka kama ba. Ka kama lif da janareta da injin tura ruwa. A Tudun Wada ko Jekadafari idan famfo ya ɗauke sai ka leƙa waje ka kira mai garuwa, idan wuta ta ɗauke ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. A can sama babu mai hawa maka da jarka, tagar ma a wasu benayen ba ta buɗuwa sai kaɗan. Saboda haka tambayar farko ita ce wane kamfani ke kula da ginin. Ka nemi a ba ka kasafin kuɗin hidima na bara a rubuce: nawa ya tafi ga masu gadi, nawa ga shara, nawa ga gyaran lif, nawa ga dizal. Idan dizal ba ya cikin kasafin, to ka san akwai wata takardar biya da ke jiranka. Ka kuma tambayi ɗakuna nawa ke da mutane. Benen da rabinsa ba kowa, janaretansa bai san da haka ba, sai 'yan tsirarun da ke ciki su ɗauki nauyin man. Haka nan idan mai ɗakin da za ka kama yana da tsohon bashin hidima, kai za a yanke wa wuta. Ka sa kamfanin ya ba ka takardar cewa babu bashi a kan ɗakin.

Wuta kuma lissafinta daban. Yawancin irin waɗannan unguwanni suna rukunin Band A, wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit. An ɗan rage daga baya amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin fiye da yunit ɗaya a awa idan tana aiki sosai. Awa takwas kullum na wata guda ya kusa yunit 270, wato sama da naira dubu 50, na'ura ɗaya ke nan, kuma ciki da falo yana buƙatar na'ura biyu, ban da hita da firji. Wutar janareta ta fi wannan tsada nesa. Ka tambaya ko mita ɗaya ce ke haɗa biyun a farashi guda ko kowacce da nata, kuma wa ke sa farashin.

Kada ka je duba ɗaki da safe kawai. Ka koma wajen La'asar. Ɗakin da bangon gilashinsa ke kallon yamma yana da kyau a hoto, amma daga ƙarfe biyu zuwa faɗuwar rana zafi yake tarawa, na'urar sanyi ba za ta huta ba. Ka buɗe famfon banɗaki da na kicin lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan. Inda tanki ke kan rufi, hawa na ƙarshe su ne ke samun ruwa mai rauni, na ƙasa kuma ƙarfin ya yi yawa har ya riƙa fasa robar famfo idan ba a sa abin rage matsi ba. Ka ɗaga kai ka duba silin ɗin banɗaki: tabon ruwan ƙasa-ƙasa yana nufin maƙwabcin sama yana yoyo a kanka. Mu da ke tsarki da ruwa, sai a duba ko ƙasan banɗakin na da magudana kuma ta karkata gare ta, don wasu gine-ginen an tsara su ne ga masu amfani da takarda, ruwan buta sai ya kwanta ya bi ƙarƙashin ƙofa.

Lif ya zama aƙalla biyu, kuma ka ga shaidar ranar da aka yi musu gyaran ƙarshe. Ka tambaya ko suna da na'urar da ke kai mutum hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa idan wuta ta ɗauke. Ka auna zurfin lif ɗin da tef kafin ka ɗauko gado da kujeru daga gida. Katifa mai ƙafa shida da doguwar kujera sukan ƙi shiga, masu dako kuma da hawa suke lissafi. Sannan ka sauko ta matakalar gudun gobara da ƙafarka har ƙasa. Idan ka tarar an cika ta da kwalaye ko an sa wa ƙofar ƙasa kwaɗo saboda ɓarayi, ka haƙura da gidan komai kyansa, domin lokacin gobara ba a shiga lif. Sabon gini kuwa, ka nemi ganin takardar hukuma da ta amince a zauna cikinsa. Ba a manta da bene mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi a ranar 1 ga Nuwamba, 2021 ba, tun ana ginin sa, ya hallaka fiye da mutum 40.

Akwai kuma littafin dokokin gida, wanda mutanenmu ba sa karantawa. Wasu benayen sun hana tukunyar gas, sun hana shanya a baranda, sun ƙayyade mutum nawa za su kwana a ciki da falo da kwana nawa baƙo zai yi. Kowa ya san ɗan Gombe da ke Abuja masaukin dangi ne, mai neman biza da mai zuwa asibiti duk wurinsa za su sauka. Gara ka sani tun yanzu da a tsayar da kawunka a bakin get. Ka tambaya kuma ko ana ba da ɗakunan da ke hawanka hayar kwana-kwana, don can ne kiɗan dare ke fitowa.

Batun yarjejeniya, kada ka dogara da abin da ka ji cewa doka ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta faɗi haka, amma ita da kanta ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Haka notis ɗin wata shida da aka sani ga ɗan hayar shekara: idan takardarka ta rubuta wani wa'adi, ko ta ce hayar ta ƙare rana kaza, abin da ka sa wa hannu shi kotu za ta bi. Ka sa a rubuta ranar da za a maido kuɗin ajiya, da wanda zai gyara na'urar sanyi da hita idan sun lalace, da iyakar ƙarin da za a iya yi. Farashi ya kasance da naira; Babban Bankin Najeriya ya sha gargaɗi kan sa farashi da dala a cikin gida. Ka biya ta banki cikin asusun da sunansa ya yi daidai da na takardar mallaka, ko na wakilin da ya nuna maka wakilci a rubuce, ba asusun dillali ba.

Ranar karɓar makulli kuma, kafin kaya su shiga, ku zagaya ɗakin da wakilin mai gida, ku ɗauki hoton kowane tsagi da tabo da lambar da mita ke nunawa, ku buga a takarda kofi biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya.

Naku,
Wani mai sana'ar kula da gidajen haya,
Gombe.