Kada Ka Rubuta Sunan Malam a Allon Shagonka

Assalamu alaikum, Mai sunan Malam.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Bauchi lafiya lau, sai ƙafar Innarka da ke tashi in sanyi ya sauko.

Baffanka ya dawo daga ta'aziyya a Kumo, ya biyo ta Gombe, ya ce ya tarar da kai a Tudun Hatsi kana cinikin gyaɗa, wai kun kama wuri kai da wani abokinka za ku kafa injin matsar mai. Allah ya sa albarka. Abin da ya faɗa daga baya ne ya hana ni runtsawa: har an ba mai zane aikin allo, kuma sunan Malam za a rubuta, a ƙara da "da 'ya'yansa". A bakin Baffanka zan ji wannan?

Na san amsar da ka tanadar mini, cewa ai sunanka ne. Haka ne, ni na raɗa maka shi da bakina. To amma in an ambaci sunan nan a Tudun Hatsi, ba fuskarka ake gani ba. Har yau akwai dattawan da ke tuna mutumin da ya tsufa a bakin awo bai taɓa tauye mudu ba. Za su sauke maka buhunan gyaɗa bashi, ba takarda ba shaida, kai kuma ka ɗauka ƙwazonka ne ya jawo. Ranar da farashi ya juya, ko abokin nan naka da ban san asalinsa ba ya cika wandonsa da iska, ba wanda zai ce yaro ne ya karye. Cewa za a yi jikokin Malam sun cinye dukiyar mutane. Goggonninka na gidajen aure, su za a riƙa yi wa habaici a wurin biki. Ƙannenka mata biyu ko baiko ba a yi musu ba, kuma ka san yadda ake binciken gida kafin a kawo goro.

Ka manta shekarar motar Kawunka? Ka manta wanda ya sayar da gonar Dadin Kowa don kada a kira sunan nan a gaban alƙali? Tun kafin a raba jiha a 1996 nake aiki a garin nan, albashi kawai, abokaina na gina benaye, ban taɓa jingina da sunan ubana na karɓi ko kwabo ba. Kuna cewa ina da tsauri. Da tsaurin nan kuka yi karatu. Sai kai, daga fitowarka jiya jiya, za ka ɗauki abin da ba naka kai kaɗai ba ka manna a jikin jarka.

Ka kuma san wannan tun kafin ka sa hannu a takarda. In rajistar sunan kasuwanci kawai kuka yi a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, doka ba ta raba ku da sana'ar ba, bashinta bashinku ne, har kan gida da babur, kuma abin da abokin tarayyarka ya ciyo da sunan shagon zai iya hawa kanka. Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ne ke tsayawa da ƙafarsa, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma na iya buɗe ƙaramin kamfani. Ka nemi lauya ya warware maka.

Ba hana ka nema nake yi ba, ɗana. Ka samo suna naka, gajere, wanda tsohuwa za ta iya aiken jikanta da shi, ɗan acaɓa ya ji sau ɗaya ya kai mutum. Ka bar dogon Turancin nan na Global da International, injinku ɗaya ne. Su Alheri da Nasara da Albarka kuwa sun cika kowane layi, hukumar ma ba ta karɓar sunan da ya yi kama da wanda ke rajista. Ka shirya guda biyu, in sun amince da ɗaya za su riƙe maka shi kwana 60. Kada ka buga sunan Allah ko aya a jikin leda da roba, ka dubi inda suke ƙarewa, cikin kwata. Man ci kuma sai da lambar NAFDAC, saboda haka kada ka kashe kuɗin buga takardar jarka kafin komai ya tabbata.

Ka dakatar da mai zanen yau, in ya riga ya sayi fenti ni zan biya. Ranar Juma'a ka taho da sunayen da ka zaɓa mu zauna da Baffanka, ka zo da abokin naka in gan shi. Innarka ta ce ka taho mata da ƙuliƙulin matsar farko in kun fara, tana kuma tambayar tarin yarinyar nan, ko kun kai ta asibiti.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.